Zanen 3D ɗinka ya yi kyau, to ina awon?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana akan wani abu da ya jima yana damuna, wato yadda masu koyon zanen injiniya a kwamfuta suke saka awo a jikin samfurin 3D, ko ince yadda basa sakawa.

Matasa da yawa yanzu sun dage da koyon CAD, wato zanen injiniya da manhajar kwamfuta, wani AutoCAD wani SolidWorks wani Fusion 360 wani kuma FreeCAD tunda shi kyauta ne, kuma wallahi abin farin ciki ne, bana raina ƙoƙarin kowa. Amma abinda nake gani kullum shine mutum ya gina wani ƙarfe a sikirin, ya shafa masa launi yana ƙyalli, ya saka masa inuwa, ya juya shi ya ɗauki hoto ya watsa ana ta yabo, sai ka tambaye shi malam wannan hujin daga gefe milimita nawa ne, kuma in ya kauce da nawa za'a iya haƙuri, sai kaji shiru ko yace ai yana cikin fayil ɗin. To ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mutumin da zai yanka ƙarfen nan a inji ba ruwansa da launi, lamba yake bi, kuma lambar da ka bashi ita zai yanka ko daidai ce ko ba daidai ba, in ma baka bashi ba zai ƙirƙiro tasa.

Babban abinda yake ruɗar mutane shine tunanin cewa tunda kwamfuta ce ai bata kuskure. Eh, manhajar tana riƙe lamba har wajen gurbi 15 ko 16, abinda babu wani inji a duniya da zai iya yankawa, amma abinda take riƙewa shine wurin da ka danna, ba wurin da ka yi niyyar dannawa ba. In ka kama kusurwar da ba ita ba, zata auna maka kusurwar da ba ita ba har zuwa gurbi na 15, bata ce maka komai ba.

Bari in fara da AutoCAD tunda shi ne yafi yawa a hannun jama'a, tun 1982 da kamfanin Autodesk ya fito da shi, kuma shi asalinsa don zanen shimfiɗe aka yi shi, 3D daga baya ya shigo, shi yasa awonsa yake da wata ɗabi'a da in baka santa ba zata kunyata ka. Duk awon da ka saka a AutoCAD yana kwanciya ne akan shimfiɗar XY ta UCS ɗin da kake kai a lokacin, wato tsarin kibiyoyin X da Y da Z da yake nuna shimfiɗar da kake zane a kanta, shikenan, ba ya tashi tsaye ya bi jikin abin da kansa. Ɗauki misali, ka gina dunƙulen ƙarfe mai tsawo 120 faɗi 80 tsayi 40, ka yanke masa gefe ɗaya a karkace, yankan ya tafi gaba 40 ya hau sama 30. Duk wanda ya yi lissafin Pythagoras a makaranta ya san tsawon wannan bakin 50 ne. Yanzu ka bar UCS a inda yake, ka kira umarnin saka awo DIMALIGNED, ka kama ƙasan bakin ka kama samansa, me zai fito? 40. Saboda shi inuwar layin a ƙasa ya auna, hawan da ya yi na 30 bai san da shi ba. In kuma ka gwada auna tsayin dunƙulen, layin nan da yake tsaye cak, sai ya baka 0, wannan kam da sauƙi don kowa yaga sifili ya san akwai matsala, amma 40 a madadin 50 ita ce mai haɗari saboda lamba ce mai kama da gaskiya, zata wuce idon mai zane ta wuce idon oga ta isa wokshop.

Maganin ba wani abu mai wahala bane. Kafin ka auna kowace fuska, ka kira UCS ka ɗora shi akan wannan fuskar, ko da zaɓin Face ko ka nuna masa maki uku, farko mafari, sannan inda X zai kalla, sannan ɓangaren Y, ka duba ƴar alamar nan ta kibiyoyi ka tabbatar ta kwanta a jikin fuskar sannan ka saka awon. Ka gama da wannan fuskar ka koma wata, ka sake ɗaga UCS ɗin. Akwai gajiya, na yarda, amma haka manhajar take. Ni shawarata ma duk awon da kake shakka ka bi shi da umarnin DIST, shi yana baka ainihin tazarar cikin sarari sannan ya rarraba maka nawa ne ta X nawa ta Y nawa ta Z, in kaga Z ɗin ba sifili bane alhali kana zaton maki biyun a fuska ɗaya suke to ka san ka kamo kusurwar baya. Wannan kuwa yana yawan faruwa in kana kallon abin daga sama ko daga gaba a yanayin waya-waya, kusurwar gaba da ta baya sun hau kan juna a ido, maus ya kama wadda yaga dama. Akwai wani saiti OSNAPZ, in ka mayar da shi 1 zai riƙa jawo duk makin da ka kama ya sauke shi kan shimfiɗar da kake aiki, yana da amfani, amma ka tuna ka mayar da shi 0 in zaka yi awon sarari, in ba haka ba shi ma zai ɓoye maka gaskiya.

Ni dai a nawa ra'ayin, saka awo kai tsaye a jikin dunƙulen cikin AutoCAD ba shi ne hanya mafi tsafta ba in takarda za'a kai wokshop. Gara ka je Layout, wato shafin takardar bugawa, ka fitar da fuskokin, gaba da sama da gefe da yanki na ciki, da VIEWBASE wanda ya shigo tun AutoCAD 2012, ko FLATSHOT, ka saka awonka a can. Amma nan ma akwai rami. In tagar da kake kallo ta ciki tana kan sikeli 1:5 kuma awonka bai maƙale da jikin abin ba, sai ya auna maka takarda, abu mai 100 ya fito 20. Saitin DIMASSOC, mai maƙala awo da jikin abin, ya zama yana kan 2, kuma ka tabbatar kana kama ainihin kusurwar ba kusa da ita ba. Masu SolidWorks suma kar su yi dariya, in ka saka awo akan hoton isometrik akwai zaɓi biyu, True da Projected, in ya faɗa kan na biyun layi mai 100 zai nuna maka 81.6 don haka isometrik yake gajarta layi a ido.

Sai kuma laifin da ni a wajena yafi kowanne muni, kuma ba na rashin sani bane, na ganganci ne. Mutum ya zana abu ya fito 49.3, yana son 50, maimakon ya koma ya gyara jikin samfurin sai ya danna lambar sau biyu ya goge ya rubuta 50 da hannunsa. Daga wannan lokacin takarda tana cewa 50 samfur yana cewa 49.3, wanda ya karanta takarda zai yanka ɗaya, wanda ya ɗauki fayil ya saka a injin CNC, mai yanka da umarnin kwamfuta, zai yanka ɗaya, ranar haɗawa a yi ta rantse-rantse kowa yana cewa shi abinda aka bashi ya bi, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa. Sannan wannan lambar ta mutu, gobe ko ka ja abin ya koma 70 tana nan tana cewa 50. In malami zai hana ɗalibansa abu ɗaya tak, wannan ne.

Manhajojin da ake kira faramitirik, irinsu SolidWorks da Inventor da Creo da Onshape da FreeCAD, su tsarinsu daban, awo ne yake tuƙa siffa, ka canza lamba siffa ta bi. Tunanin ba sabo bane, tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna a MIT da shirinsa Sketchpad cewa zaka iya gaya wa kwamfuta wannan layin ya zama daidai da wancan ko ya tsaya a kansa a miƙe ita kuma ta riƙe, sannan Pro/ENGINEER ya kawo shi kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, SolidWorks ya biyo a 1995 ya sauƙaƙa shi akan Windows. To a nan matsalar masu koyo ita ce barin sikec, wato zanen shimfiɗe da ake tayar da siffar daga shi, a sake. A SolidWorks layin da bai gama ɗaurewa ba shuɗi ne, in ya ɗaure sai ya koma baƙi, a FreeCAD kore yake komawa, manhajar da bakinta tana gaya maka akwai sauran aiki amma mutum yana sauri yaga abin ya kumbura ya zama 3D sai ya wuce da shuɗin layinsa. Bayan kwana biyu hannu ya goga ya ja wani maki ba tare da ya lura ba, huji ya matsa da rabin milimita, babu wata ƙara da zata yi.

Kuma ba wai kawai ka cika lambobi har layi ya yi baƙi ba, a'a, daga ina ka auna? Nan ne ake gane wanda ya san aikin abin da yake zanawa. In huji dole ya zauna a tsakiyar faranti, to ka ɗaure shi da tsakiya, kar ka rubuta 40 daga gefe don faɗin 80 ne, gobe aka ce faɗi ya koma 90 hujinka yana nan a 40 ya bar tsakiya. In huji huɗu girmansu ɗaya, ka saka awo a guda ɗaya sauran ka ce su yi daidai da shi, kar ka rubuta lamba sau huɗu don wata rana zaka gyara uku ka manta ɗaya. Sannan gwargwadon iko ka auna daga shimfiɗun asali na fayil ɗin ko daga fuskar da ka san ba zata ɓace ba, kar ka auna daga bakin da aka lanƙwasa ko aka goge masa kaifi, saboda in ka koma baya ka cire wannan lanƙwasar duk abinda ya jingina da ita zai rushe ko kuma, wanda yafi muni, ya koma ya kama wani bakin daban ya yi shiru. Masu FreeCAD sun sha wannan wahalar shekara da shekaru, sai a fitowa ta 1.0 a ƙarshen 2024 aka rage ta sosai, amma ko a manhajar da ake biya da tsada ɗabi'ar kirki ita ce dai ka jingina da abu mai tabbas.

Yanzu ga inda nake so a ɗan tsaya, don nan ne kuɗi yake ƙonewa. Babu injin da yake yanka 20 cif. Zai baka 20.04 ko 19.97, kullum, ko waye ya ƙera injin. Don haka lamba ita kaɗai ba ta cika awo ba sai ka faɗi iyakar kaucewar da ka yarda da ita, wato tolarans. Ɗauki faranti mai huji biyar a jere, kowanne 20 daga na bayansa, ka auna su sarƙa-sarƙa, gefe zuwa na farko, na farko zuwa na biyu, haka har ƙarshe, kowanne ka yarda da 0.1 sama ko ƙasa. Mai inji zai iya cika kowane awo ba tare da ya saɓa ko ɗaya ba amma hujin ƙarshe ya faɗa ko'ina tsakanin 99.5 da 100.5, saboda kuskuren yana taruwa. To ka tuna noti da kusar M8, mai kaurin milimita 8, hujin da aka saba yi mata 9 ne, wato rarar da take da ita ta kowane ɓangare 0.5 ce kacal, kaga ta ƙare tas tun kafin a yi maganar kuskuren ɗaya farantin da za'a haɗa da shi. Daga nan sai a ɗauko diril a fara faɗaɗa huji, aikin da aka zana a kwamfuta ya koma aikin a buga a gani. In kuwa ka auna dukkansu daga gefe ɗaya, 20, 40, 60, 80, 100, to na ƙarshen ba zai wuce 99.9 zuwa 100.1 ba. Amma kar wani ya ɗauka wannan doka ce ta ko'ina, don a wannan tsarin tazarar huji biyu maƙwabta zata iya kaucewa da 0.2, in kuma abinda zai zauna a kansu tazarar tsakaninsu ce ta dame shi to ita zaka auna kai tsaye. Aikin abin ne yake gaya maka inda zaka ja awo, shi yasa wanda bai taɓa tambaya ina wannan ƙarfen zai shiga ba ba zai iya auna shi daidai ba ko ya haddace duk maɓallan manhajar.

Kuma kar ka rufe sarƙar. In ka bada tsawon duka sannan ka bada kowane yanki har na ƙarshe, ka ba mai inji umarni biyu masu iya karo da juna, ka bar ɗaya a buɗe ko ka nuna shi a matsayin na tuni kawai.

Wani ɓangaren kuma akwai masu wuce gona da iri, su a ganinsu ƙwarewa ita ce ka rubuta 25.000 a ko'ina. A wokshop da yawa yawan sifilin nan magana ce, yana nufin kana son a matse awon sosai, sai a kai abin injin gogewa, a auna da maikiromita, a zubar da waɗanda basu shiga ba, kuɗi ya ninka, alhali fuskar nan iska kawai take taɓawa. Akwai ƙa'idar ISO 2768 da aka yi don wannan, ka rubuta ta sau ɗaya a ƙasan takarda ta rufe duk awon da baka yi wa magana ta musamman ba. A ajinta na tsakiya, mai harafin m, awo daga 6 zuwa 30 an yarda da 0.2, daga 30 zuwa 120 an yarda da 0.3, daga 120 zuwa 400 kuma 0.5. Shikenan ka huta, sai ka ajiye tsananinka don wuraren da suke buƙata, kamar inda sanda zata shiga huji ta juya. Nan kuma ISO 286 ce, misali huji 20 H7 yana nufin daga 20.000 zuwa 20.021, sanda 20 g6 daga 19.980 zuwa 19.993, kaga kullum akwai ƴar rara tsakanin 0.007 da 0.041, zata shiga ta zame ba tare da ta yi girgiɗi ba. A samfurin 3D kuwa duka biyun 20 ne, sun haɗu lafiya lau a sikirin, kwamfuta bata ƙorafi, amma a zahiri sanda 20 cif bata shiga huji 20 cif da daɗi. Wannan bayanin ba ya cikin siffar, sai ka rubuta shi.

Mai son ya zurfafa sai ya nemi abinda ake kira GD&T, wato tsarin alamomin awo da tolarans na siffa da matsayi, ƙa'idar Amurka ASME Y14.5 ko ta duniya ISO 1101, inda ake zaɓar fuskokin mafari A da B da C, abin ya zauna akan ta farko da maki uku, ya jingina da ta biyu da maki biyu, ya taɓa ta uku da maki ɗaya, ya zama ba ya motsi ta ko'ina, daga nan duk awo yake tashi, kuma mai dubawa ma haka zai ajiye shi. Ana danganta farkon tunanin da wani Stanley Parker da ya yi aiki a masana'antar makaman ruwa a Sukotlan wajen lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda ya lura ana zubar da kayan da a zahiri suna shiga lafiya. Dalili kuwa in ka ce huji ya kauce 0.1 ta X da 0.1 ta Y ka zana masa akwati mai kusurwa huɗu, alhali huji da kusa zagaye ne, in ka yarda da kaucewar da ta kai kusurwar akwatin to babu dalilin ƙin yarda da irinta ta kowane ɓangare, da'irar da ta kewaye akwatin nan tafi shi fili da kusan kashi 57 cikin ɗari. Filin banza ne ake ba mai inji ba tare da an rasa komai ba.

Maganar inci da milimita kuwa ba sai na ja ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif tun yarjejeniyar 1959. Fayil ɗin STL da ake kai wa firintar 3D ba ya ɗauke da ma'auni kwata-kwata, lambobi ne tsirara, ka zana abu inci 2 ya isa can a buɗe shi a milimita 2, sai a nemi abu a sikirin a rasa. Kuma STL ya riga ya farfasa da'irarka zuwa ƙananan alwatika, don haka wanda yake auna faɗin huji daga STL yana auna abinda ba da'ira ba. In zaka tura wa wani aiki ya ci gaba da shi tura STEP, shi yana riƙe ma'auni da ainihin siffar, nau'insa AP242 ma yana iya ɗaukar awo da tolarans a jikin samfurin. Ko da hakan, duk fayil ɗin da ya shigo hannunka ka auna abu ɗaya da ka san girmansa kafin ka ɗora komai a kai. Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter a 1999 saboda wani ɓangare yana bada lissafin ƙarfi a ma'aunin fam wani yana karɓa a matsayin niyuton. Kamfanin Airbus kuma wajen ƙera A380, injiniyoyin Jamus suna kan manhajar zane CATIA 4 na Faransa suna kan CATIA 5, da aka zo shimfiɗa wayoyin jirgin, wayoyi na wajen kilomita 500, aka tarar wasu sun gaza tsawo, yana daga cikin manyan dalilan da suka sa jirgin bai isa hannun mai saye na farko ba sai 2007. Waɗannan fa ba ƴan koyo bane.

Akwai ƙananan abubuwa da suke biyo baya waɗanda samfur ba zai gaya maka ba. Duk awon da ke kan zanen injiniya ana nufin a zafin digiri 20 ne, haka ƙa'idar ISO 1 ta ce, kuma alminiyam mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da wajen milimita 0.023 a kowane digiri, in ka auna shi a digiri 35 ya ƙaru da kusan 0.35, in tolarans ɗinka 0.1 ne to ana iya yin rigima akan ƙarfen da ba shi da laifi. Kusurwar ciki mai kaifi da ka zana cikin daƙiƙa ɗaya, bakin injin da zai tone ta zagaye ne, dole ya bar lanƙwasa, gara kai ka faɗi girmanta. Hujin da za'a yi wa zaren M8 ba 8 ake hudawa ba, 6.8 ne. Sannan a saka alamar da take nuna tsarin jera fuskoki, don Turai sun saba da na kusurwa ta ɗaya Amurka na kusurwa ta uku, fuskar da wannan ya ajiye a dama wancan a hagu yake ajiye ta, in ba alama mutum zai iya ƙera maka abin a juye kamar a madubi.

Na san wani zai ce ai duniya ta wuce takarda, yanzu samfurin kansa ake turawa inji. Gaskiya ne, tun jirgin Boeing 777 da ya fara tashi a 1994 aka nuna za'a iya zana jirgi sukutum a kwamfuta, kuma akwai ƙa'idoji irin ASME Y14.41 da ISO 16792 na saka bayanin duka a jikin 3D ɗin. Amma wannan ƙara wa mai zane nauyi ya yi, bai rage ba, saboda a da akwai wani dattijo a wokshop da zai kalli takarda yace kai wannan lambar bata yi kama da gaskiya ba ya kira ka, yanzu kuwa inji ne zai karɓa ya yanka. Kuma ko a wannan tsarin sai ka nuna fuskar mafari, sai ka faɗi tolarans, wurin rubutawa ne kawai ya canza.

Don haka roƙona ga masu koyarwa, ko a aji ko a bidiyo, a daina sallamar ɗalibi don ya iya kumbura siffa da juya ta. A miƙa masa ƙarfe na gaske da vaniya, wato ma'aunin hannu mai muƙamuƙi, ya auna da hannunsa ya ji yadda lamba take rawa tsakanin 0.02 da 0.04 gwargwadon yadda ya matse, ya zana shi, ya fitar da takardar awo, sannan a ba wani ɗalibin takardar kaɗai ba tare da ya ga ƙarfen ba ace ya sake gina samfurin. Duk inda na biyun ya tsaya yana tambaya, to nan awo ya ɓace, duk inda ya sami lamba biyu masu faɗa da juna, nan an yi ƙari. A ɗora samfuran biyu akan juna a gani. Wannan jarrabawar ko sisi bata ci, kuma tafi duk wani satifiket faɗin gaskiya akan wanda za'a iya ba aiki.

Ku kuma Edita, in da hali ku riƙa ba irin waɗannan batutuwa ɗan gurbi a shafinku na kimiyya da fasaha, ku gayyato masu aikin injin yankan ƙarfe da masu duba inganci su faɗi irin takardun da suke isowa hannunsu da abinda suke so mai zane ya rubuta musu, don su ne suke karɓar abinda muka zana kuma ba kasafai ake jin ta bakinsu ba.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai zanen kayan inji, mai karanta jaridarku